Kurakuran da ake yi wajen yi wa mai koyon piyano gyara

Mai koyon piyano yakan shafe watanni a kan sonata guda, wato dogon kiɗa mai kashi-kashi, ya ɗauki kiɗansa a waya, ya tura wa wanda yake ganin ya fi shi kunne, ya roƙi a faɗa masa gaskiya. Amsar da ke dawowa galibi iri biyu ce: ko dai "ma sha Allah, ya yi daɗi", ko kuma jerin wuraren da yatsa ya kuskure. Babu ɗayansu da ya ba shi abin da zai zauna gaban piyano gobe ya yi aiki a kai. Mu ɗauki kashi na farko na sonata ta 14 ta Beethoven, mai tsara kiɗa ɗan Jamus, wadda ya rubuta a 1801, aka fi saninta da Sonatar Farin Wata, tunda da wuya mai koyo ya ƙi gwada ta.

Ƙirga kuskuren yatsa ɓata lokaci ne, domin makaɗin ya riga ka jin su tun yana kaɗawa. Wanda ya cancanci ambato shi ne kuskuren da ya yi ba tare da ya ko yi turus ba, alamar ya karanta takardar ba daidai ba har kunnensa ya saba. Shi ma kada ka ce "wajen tsakiya". A takardar kiɗan an raba kashin zuwa ƙananan yankuna 69 da ake kira gida, kowanne da lambarsa, sai ka kira lambar gidan, ko ka faɗi minti da sakan ɗin da abin ya faru.

Inda ya kamata kunnenka ya daɗe shi ne hannun dama, don ayyuka biyu yake yi a lokaci guda. Yatsun ciki suna ta juya sauti uku-uku a hankali, ƙaramin yatsa kuma shi ke ɗauke da ainihin waƙar a sama, wato zaren kiɗan da kunne ke bi, wadda ke shigowa a ƙarshen gida na 5. Babban yatsa ya fi nauyi, shi ne kuma yake fara kowane ukun, don haka a wajen masu koyo yakan danne waƙar har ta ɓace. Mai gyara da yawa yakan ji haka ya ce kiɗan "ba rai", maganar da ke sa gwiwa sanyi ba tare da ta nuna mafita ba. Ka ce masa ya kaɗa waƙar da ƙarfi, sauran yatsun suna taɓa maɓallai kawai ba sa dannawa, sannan ya riƙa shigo da su kaɗan-kaɗan. A nan kuma akwai ɗan gajeren sautin waƙar, wanda ya kamata ya faɗi bayan sauti na ƙarshe cikin ukun da yatsun ciki ke juyawa, ba tare da shi ba. Da yawa suna haɗe su. Tafi da hannu a kan tebur yana gyara wannan kafin a koma kan piyano.

Kafin ka yanke cewa bai san sassauta hannu ba, tambaye shi da me ya ɗauka. Makirufon waya yakan ɗaga sauti mai rauni ya kuma danne mai ƙarfi, alhali Beethoven ya nemi a kaɗa kashin nan ƙasa-ƙasa sosai. Idan an ɗora wayar a kan piyanon kanta, har ƙarar feda, wato matakin ƙafa da ke barin tsirkiyoyin piyano su ci gaba da amo, da bugun maɓalli za su shiga. Zalunci ne a ɗora wa mutum laifin waya. Ka nemi ya sake ɗauka, wayar tana 'yan taku daga gare shi.

Batun feda ya fi jawo gardama. Beethoven ya rubuta da Italiyanci a saman takardar cewa a kaɗa kashin gaba ɗaya ba tare da an danne tsirkiyoyi ba, wato a bar su suna amo. Wasu masu gyara sukan riƙe wannan su ce a taka feda kada a ɗaga. Sun manta cewa piyanon Vienna na wancan zamani ƙarami ne, jikinsa katako, amonsa na saurin mutuwa. Na yau mai maɓalli 88 da ƙarfe a ciki yana riƙe amo ya daɗe, kuma in ba a ɗaga ƙafa ba sautukan sai su dame kamar ruwan tafkin da shanu suka shiga. Shawara mai amfani ita ce ya sauya feda duk sanda sautin hannun hagu ya sauya, ya ɗaga ƙafar daidai lokacin da sabon sautin ya sauka, ya mayar nan take. Tambaye shi ma ko piyanon lantarki ne, domin fedar wasu ƙananan ba ta da tsaka-tsaki, ko a take ko a sake.

Sai sauri. Manyan makaɗan piyano Wilhelm Kempff da Alfred Brendel da Daniel Barenboim duk sun naɗi sonatocin Beethoven 32, kuma ba gudu ɗaya suke yi ba. Wanda ka saba ji ba shi ne doka ba, balle ma aikin situdiyo ana iya maimaita shi a haɗa wuraren da suka fi kyau. Abin da takarda ta nuna shi ne bugu biyu a kowane gida, don haka jan kiɗan har waƙar ta tsinke abin gyara ne. Haka ma tangal-tangal ɗin da ba da niyya aka yi ba, kamar ya rage gudu inda yatsu suka sha wuya, ko ya ruga a tsakiyar kashin inda sautukan ke hawa sama. Metronom, na'urar da ke buga lokaci daidai-daidai, na nuna masa wannan da kansa.

Ko ka gano abu goma, zaɓi biyu. Ni nakan fifita waƙar da feda, don in sun gyaru sauran sukan biyo baya. Yabo kuma a yi shi da gaske, a kira wurin: idan gidaje huɗun farko sun fita sumul, a faɗa masa, don ya san abin da zai riƙe. Sannan ka nemi ya sake turo maka gida na 5 zuwa na 9 kawai bayan mako biyu.