Yadda Ake Karatu Ya Zauna A Ka

A shekarar 1885 wani masani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa, inda ya riƙa haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana yana auna yadda suke zube masa. Ya gano cewa mantuwa ta fi yin ɓarna a sa'o'in farko, daga baya sai ta lafa. Don haka abin da ka karanta yau kada ka bari ya kwana biyu ba ka waiwaye shi ba.

Sai dai waiwaya ba ita ce sake bin shafi da ido ba, domin idan ido ya saba da rubutu mutum yakan ɗauka ya iya, alhali sabo ne kawai. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka sun ba ɗalibai gajeren rubutu, wasu suka yi zama huɗu suna maimaita karatunsa, wasu kuma suka karanta a zama ɗaya, suka shafe sauran ukun suna rubuta abin da suka tuna ba tare da leƙa takardar ba. Bayan minti 5 masu maimaitawa ne a gaba, amma da mako ya zagayo sai suka tuna kashi 40 cikin ɗari, abokansu kuwa kashi 61.

Saboda haka idan ka gama sashe, ka rufe littafin, ka ɗauko farar takarda ka rubuta duk abin da ka riƙe da kalmominka. Za ka ji nauyi, wataƙila ma ka tsaya cak a layi na uku kana cizon biro, amma wannan wahalar ce take kafa karatun. Ka sake yin haka gobe, sannan bayan kwana uku, sannan bayan mako, kana ƙara tazara gwargwadon yadda abin ya zauna. Wanda ya yi karatun allo ba baƙo ba ne a nan, tunda ba a wanke allo sai almajiri ya kawo haddarsa da ka, kuma ba ya barin tilawar baya don ya ɗauki sabon rubutu. Kada kuma ka sayar da barcinka don kwana karatu, domin tun 1924 wasu masana biyu, Jenkins da Dallenbach, suka nuna cewa wanda ya yi barci bayan hadda ya fi wanda ya zauna a farke riƙe ta.

Matakin da aka fi sakaci da shi shi ne buɗe littafin a gwada shi da abin da aka rubuta. Ƙwaƙwalwa ba ta ajiye abu yadda ya zo, takan cike giɓi da ƙari ba tare da mai ita ya sani ba. A 1974 masana Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa mutane hoton bidiyo na haɗarin mota, suka yi musu tambaya a kan haɗarin, wasu da kalmar da ke nuna mummunan karo, wasu da kalma mai sauƙi. Bayan mako guda, na farkon sun fi cewa sun ga fasasshen gilashi, alhali babu shi a hoton. Duk inda ka ga takardarka ta saɓa wa littafin, ka ja layi da jan biro, ka fara da wurin a zama na gaba.