Yadda ake gane ko otomatan kwantam biyu aikinsu ɗaya ne

To da farko mu daidaita me muke nufi da "ɗaya ne", don nan mutane suke fara ruɗewa. Kana da otomatan kwantam biyu, wato inji biyu na lissafi da ke bin dokokin kwantam, A da B, kowanne yana karanta kalma harafi bayan harafi, in ya gama sai ya fitar da yiwuwar karɓar kalmar, wato lamba tsakanin 0 da 1. In duk kalmar da ka ba su lambar da suke fitarwa iri ɗaya ce, to ɗaya ne, ko da cikinsu bai yi kama ba ko kaɗan. Matsalar dai kalmomi ba su da iyaka, ba za ka zauna ka gwada su duka ba.

Ga misali ƙarami da za ka iya yi da biro. Inji mai matsayi biyu da harafi ɗaya tak, a. Duk a ɗin da A ya karanta yana juya bektarsa digiri 60, shi kuma B digiri 120, a ƙarshe a auna ko suna matsayin farko. In ka fara daga kalmar da babu a ko ɗaya kana ƙara a ɗaya-ɗaya, A zai ba ka 1, sai 1/4, sai 1/4, sai 1, haka yake ta zagayawa. Lissafa na B ka gani: 1, 1/4, 1/4, 1. Matiriks ɗinsu daban amma amsa ɗaya, shi ya sa kallon matiriks da ido ba ya raba gardama.

Abin da za ka fara yi shi ne ka miƙar da lissafin. Yiwuwa a kwantam murabba'in girman amfilitud ce, wato lambobin da ke cikin bektar matsayi, kuma murabba'in nan shi ke hana ruwa gudu. Sai ka bar bektar matsayi ka koma matiriks na densiti, wato matiriks ɗin da ake samu in an ninka kowace lambar bektar da konjugetin kowace, ka shimfiɗe shi ya zama bekta doguwa, inji mai matsayi n ya koma fili mai girman n², matiriks U na kowane harafi kuma ya zama ninkin tenso na U da konjugetinsa. Shi ke nan yiwuwar ta zama bektar farko sau matiriks-matiriks sau bektar ƙarshe, sak irin na otomata mai yiwuwa da Rabin ya kawo a 1963 ko mai nauyi na Schützenberger na 1961. Gaskiya duk wayon yana nan, sauran aljabara ce ta aji ɗaya a jami'a.

Daga nan ka haɗe su inji guda. Jera bektocin farko biyu su zama ɗaya, matiriks na kowane harafi ka sa na A a kusurwar sama na B a ta ƙasa, bektar ƙarshe ta B kuma ka sa mata alamar ragi. Yanzu haɗaɗɗen injin bambancin amsoshin biyu yake fitarwa, tambayar ta koma: shin sifili yake bayarwa a kowace kalma?

Sai binciken kansa, wanda salon Tzeng ne na 1992. Ka buɗe layi ka sa kalmar da babu komai a cikinta, ka ajiye kwando a gefe babu komai. Ɗauki ta gaban layi ka lissafa bektarta. In za a iya haɗa ta daga bektocin da ke kwando ta hanyar ninkawa da tarawa, yar da ita, kuma kar ka bi 'ya'yanta don ba abin da za su ƙara. In sabuwa ce, ninka ta da bektar ƙarshe. Ba sifili ba? Tsaya nan, injinan sun bambanta kuma kalmar da ke hannunka ita ce shaida. Sifili ne? Jefa ta kwando, ka liƙa mata kowane harafi a baya ka tura su ƙarshen layi. In layi ya ƙare ba a samu shaida ba, ɗaya ne.

Dole ya ƙare, don kwandon ba zai ɗauki fiye da bekta n1² + n2² ba (n1 yawan matsayin A, n2 na B), daga nan ne ma aka samo cewa kalmomin da tsawonsu bai wuce n1² + n2² − 1 ba sun isa. A misalinmu 7 ke nan. Amma kar wannan iyakar ta ruɗe ka ka ce bari in gwada duka, inji biyu masu matsayi 10 kowanne da haruffa biyu tsawon ya kai 199, kalmomin kusan 2 a ninka da kanta sau 200, alhali da kwando bekta 200 ce iyaka, gwaji wajen 400.

Wannan duka na mai auna sau ɗaya ne a ƙarshe, irin na Moore da Crutchfield. Na Kondacs da Watrous na 1997 yana awo bayan kowane harafi, sai ka cusa awon cikin matiriks ka riƙa tara yiwuwar karɓa a gefe, sauran hanyar ba ta canja ba.

Abu biyu ne ke kayar da mutane. Na ɗaya lambobin desimal na kwamfuta: a juyin digiri 60 akwai √3, kwamfuta za ta ba ka wani ɗan ƙaramin abu kusa da sifili maimakon sifili, ka rasa ko bambanci ne ko ƙura. Yi da lissafi na daidai, manhajar lissafi ta SymPy na iya wa ƙananan inji, ko ka gina misalanka da juyin da matiriks ɗinsa ke da 3/5 da 4/5.

Na biyu ya fi muni. In tambayarka ita ce ko suna karɓar kalmomi iri ɗaya bisa wani layin yanka, misali yiwuwa ta kai rabi, to ka fita daga gonar nan gaba ɗaya. A otomata mai yiwuwa ko tambayar akwai kalmar da ta haye layin ma babu algoridim da zai amsa ta. A na kwantam mai awo ɗaya kuwa Blondel da abokan aikinsa sun nuna a 2005 cewa in "ta fi rabi" ka ce ana iya yanke ko akwai irin wannan kalmar, in kuma "ta kai rabi ko ta fi" ce, ba a iyawa.