Yadda za ka koma kan tsohon Resident Evil 4 bayan ka saba da sabo

Idan gem ɗin Resident Evil 4 na 2023 ka fara bugawa, to kafin ka taɓa na 2005 sai ka koya wa yatsunka haƙuri. A tsohon, Leon, jarumin da kake sarrafawa, ba ya tafiya yana saita bindiga. Da ya ɗaga ta, ƙafarsa ta kafe. Saboda haka ka fara zaɓar wurin tsayawa, bango a bayanka, sannan ka buɗe wuta.

Ka riƙa neman fuska ko gwiwa. Da ɗan ƙauyen da ya kawo maka hari ya yi tangaɗi, matsa ka sakar masa ƙafa, in ya faɗi ka bi shi da wuƙa, harsashinka ya huta. Wuƙar tsohon ba ta karyewa, kar ka ji tausayinta. A sabon ne take lalacewa har sai ɗan kasuwan da ke sayar da makamai ya gyara maka, sai dai a sabon ana kare sara da ita, a tsohon kuwa babu wannan gatan.

Ko labari ake nunawa, kar ka ajiye hannun gem ɗin: maɓalli kan bayyana kwatsam, ka makara ka mutu. Ni dai wannan tsarin bai taɓa burge ni ba. Ashley ma, yarinyar da ka je ceto, tana da ma'aunin lafiyarta, ka riƙa rage mata ganyen magani.