Sanyaya ruwan sha da takin yuriya

Jama'a zafin bazaran nan ga ƙanƙara ta yi tsada, ku gwada wannan. Zuba rabin mudu na yuriya a bokiti, ruwa kamar lita 2, ka dama, ka tsoma gorar ruwanka a ciki murfi a rufe gam. Taɓa bokitin ka ji, har raɓa yake yi a jiki.

Yuriya in tana narkewa zafin ruwan take zuƙewa, saɓanin sodar sabulu da ke fitar da zafi har ta ƙona hannu.

Amma sanyin baya daɗewa, kuma in ruwa yayi yawa ba abin da zaka ji. Wanke gorar kafin ka sha. Don Allah kar awaki su sha ruwan bokitin nan, yana kashe su, a tsarma shi sosai a kai gona.