Kurakuran da aka fi yi wajen sauya robar hannun babur

Sauya robar da ake riƙewa a sitiyarin babur aiki ne da kowa yake ganin ya iya, domin ba ya buƙatar a kwance inji, kuma kayan aikinsa ba su wuce reza da gam da tsumma ba. Wannan rainin ne yake sa sababbin masu babur da yaran da suke koyon kanikanci suke maimaita kurakurai iri ɗaya, har mutum ya gaji da gani. Abin da ba su lura da shi ba shi ne robar hagu da ta dama ba aiki ɗaya suke yi ba. Ta hagu tana zaune kai tsaye a kan ƙarfe, kuma abin da ake so daga gare ta shi ne kada ta motsa ko kaɗan. Ta dama kuwa tana zaune a kan bututun totur, wanda dole ne ya juya ba tare da wani abu ya goge shi ba, ya kuma koma mazauninsa da kansa da zarar an sake shi. Duk wanda ya taɓa robar dama, aikin totur yake yi, ko ya sani ko bai sani ba.

Kuskure yakan fara tun daga wajen saye. Yawancin baburan Honda da Yamaha da Suzuki da Bajaj suna da sitiyari mai kaurin milimita 22, amma manyan babura irin na Harley-Davidson suna amfani da mai kaurin inci 1, wato milimita 25.4, kuma robar wannan ba ta zama a kan wancan. Akwai sitiyari mai kumburin tsakiya da ya kai milimita 28.6, wanda yake ruɗa mutane, alhali bakinsa biyu suna komawa 22 ɗin da aka saba. Sai a auna inda hannu yake zama, ba tsakiya ba. A auna tsawo ma, domin robobin da ake sayarwa galibi suna tsakanin milimita 120 da 135, kuma a duba ko babur ɗin yana da ƙarfen toshiya a ƙarshen sitiyari, saboda mai irin wannan ƙarfe roba mai buɗaɗɗen baki yake buƙata. Bayan haka, robobi biyun da suke cikin kwali ɗaya ba ramin su ɗaya ba. Ta dama ta fi faɗi, kimanin milimita 24 zuwa 25, domin ta hau bututun totur. Wanda bai duba ba zai yi ta kokawa da ta hagu a kan totur har gumi ya karyo masa, ita kuwa ɗayar tana yawo a kan ƙarfe. Leƙa ramin kowacce kafin a buɗe gam ya isa ya kawar da wannan.

Wajen cire tsohuwar roba, reza ce take yin ɓarna. A hagu ba wata matsala, tunda ƙarfe ne a ƙasa, amma a dama bututun totur na filastik ne, kuma wuƙar da aka danna da ƙarfi tana tsaga shi ko ta bar masa kurji. Ni nakan cusa siririn sukuddireba a ƙarƙashin robar, in zuba sifirit ta wannan kafar, in zagaya da shi har ta saki, idan kuma akwai injin iska a kusa, hura iska ƙarƙashinta yana fitar da ita nan take. Idan yankan ya zama dole, a ja reza sama-sama bisa tsawon robar, a ƙarasa yagewa da hannu. Wasu babura tun daga kamfani ake narka robar a jikin bututun, kuma a waɗannan abin da ya fi sauƙi shi ne a sayi sabon bututu. Wasu bututun kuma suna da layuka masu tudu da suka dace da robar asali kawai, sai a goge su da magagari ko samfefa kafin sabuwa ta zauna daidai. Tsohon gam da ya bushe a jikin ƙarfe a kankare shi tas, a wanke da sifirit, domin sabon gam ba ya kama datti.

Yanzu ga kuskuren da ya fi ba ni haushi, wato sa abu mai santsi domin roba ta shiga da sauƙi. Mutum zai ga robar ta cije a rabin hanya, sai ya miƙa hannu ga abin da ya fi kusa da shi, ko baƙin mai ne, ko giris, ko WD-40, ko ruwan sabulu, ya shafa, ta shige cikin daƙiƙa guda, ya tafa hannu yana ganin ya yi dabara. Bai tambayi kansa ba ina wannan man zai tafi bayan robar ta rufe shi. Ba inda zai tafi. Mai da giris ba sa bushewa, an ƙera su ne ma domin kada su bushe, saboda haka santsin da ya shigar da robar yau shi ne zai fitar da ita gobe. Sabulu ya fi su yaudara, domin yakan bushe ya kama kamar komai ya yi daidai, amma ranar da ruwan sama ya ratsa ƙarƙashin robar, ko aka wanke babur, sai ya farfaɗo ya koma yadda yake. Fetur kuma yana cin wasu nau'o'in roba, ya sa su yi laushi su kumbura. Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna lokacin da jikinsa ya fi dogara da robar, wato lokacin da ya taka birki da ƙarfi nauyinsa ya zubo gaba, ko ya faɗa rami sitiyari ya fizge. A daidai wannan lokacin ne robar hagu take murɗewa ko ta zame ta fito a hannunsa. A dama kuwa, robar da take juyawa a kan bututu tana nufin hannu ya rufe totur amma bututun bai bi shi ba. Ban ga wani uzuri ga wannan ba, kuma duk bakaniken da ya yi wa mai babur haka ya karɓi kuɗinsa, bai kyauta ba, ko da ya ce haka ya ga ana yi.

Abin da ake so shi ne abu mai santsi na ɗan lokaci wanda zai ƙafe ko ya kama. Gam da aka yi musamman domin robar hannu yana yin aikin biyu, yana da santsi yana ɗanye, yana kamawa idan ya bushe. Idan robar ta matse sosai, sifirit kaɗai yana shigar da ita ya ƙafe bai bar komai ba. Akwai masu fesa fenti ko abin fesa gashi mai bushewa ya kama a cikin robar, kuma ba na jayayya da su tunda yana yi musu aiki, sai dai ni ban saba da shi ba. Wanda ba na yarda da shi shi ne sufa gulu, domin yakan kama kafin robar ta kai ƙarshe, a bar mutum da roba rabi a ciki rabi a waje, sai dai a yanke ta a sayi wata.

Gam ɗin ma yana da nasa sharrin, kuma shi ne ya taɓa kayar da ni. Na ba wani mutum babur ɗina ya sa mini sababbin robobi, ya matsa gam a cikin ta dama ba tare da awo ba, ya tura ta har ta daki gidan makunnai, wato ɗan akwatin makunnan da yake kusa da robar, ya goge abin da ya fito da tsumma, aikin ya yi kyau a ido. Gam ɗin da bakin bututun ya share bai fito waje ba, ya taru can ƙarshe, ya shiga tsakanin bututun da ƙarfen sitiyari. Da yammacin ranar totur yana juyawa lafiya domin gam bai gama bushewa ba. Washegari na doshi wata mahaɗar hanya, na saki totur, inji bai sauka ba. Na kama kuloci, inji ya yi wata irin ƙara kamar zai tarwatse, ina laluben abin kashewa ina taka birki, babur ya kwanta da ni a gefen hanya. Hannun birki ya karye, tanki ya lotse, wuyan hannuna ya daɗe bai koma daidai ba, duk saboda ina son roba mai laushi. Garin neman gira na kusa rasa ido. Wanda irin wannan ya same shi, abin yi shi ne ya kama kuloci ya riƙe, ya kashe inji da makunni mai launin ja ko da makulli, ya tsaya a hankali. Baburan da suke da wayar totur biyu suna ba da damar a murɗa gaba a rufe da ƙarfi, amma ƙananan babura masu waya ɗaya sifirin kaɗai ne yake mayar da totur, kuma ƙarfinsa bai kai ya rinjayi busasshen gam ba.

Saboda haka ba na zuba gam a cikin robar dama. A kan bututun nake shafa shi, siriri ƙwarai, in bar faɗin yatsa biyu babu komai daga ɓangaren gidan makunnai, domin robar za ta tura shi can da kanta, in kuma kula kada ya kusanci bakin bututun na waje. Ba na tura robar har ta manne da gidan makunnai, nakan bar tazarar milimita 1 zuwa 2, kuma irin wannan tazarar nake bari tsakaninta da ƙarfen toshiya. Wannan wuri na biyu shi ne mutane suka fi mantawa. Robar ta fi ta asali tsawo da ɗan kaɗan, an ɗaure ƙarfen toshiya ya danne bakinta, totur ya yi nauyi, mai babur ya ce ai sabuwa ce za ta saki. Ba za ta saki ba, a rage bakin da reza ko a sa wa ƙarfen siririn zoben ƙarfe, wato wasa, ya ja baya. Roba mai rufaffen baki ma tana iya gogar ƙarshen sitiyari daga ciki idan ƙarfen ya ɗan fi bututun tsawo.

Gwajin da ba na yafe wa kowa shi ne wannan. Inji a kashe, a murɗa totur har ƙarshe a sake shi, dole ne ya koma da sauri har a ji ƙarar bugunsa. A maimaita sitiyari yana tsaye, a karya shi dama gaba ɗaya a maimaita, a karya hagu a maimaita. Sannan a tayar da inji a bar shi a silo, a juya sitiyari ɓangarorin biyu, idan ƙararsa ta ƙaru to waya ta ɗame ko ta bi hanyar da ba tata ba. A sake yin gwajin gaba ɗaya bayan gam ya bushe, domin na farko yana iya yin ƙarya, kamar yadda ya yi mini. A duba kuma ɗan wasan da totur yake yi kafin ya fara jan waya, wanda littattafan babura da yawa suke sanyawa tsakanin milimita 2 da 6, amma littafin babur ɗinka shi ne abin bi.

Wanda ya kwance gidan makunnai ya sani cewa a yawancin babura akwai wani ɗan ƙaramin tsini a cikinsa da yake shiga wani rami a jikin sitiyari. Idan bai shiga ba aka ɗaure, ko tsinin ya karye ko gidan ya matse bututun totur. A sa ɗigon mai a kan wayar totur inda take shiga bututu idan ana so, wannan wurin ne kaɗai mai yake da hurumi a wannan aikin.

Game da hannuwan alminiyom masu walƙiya da ake ɗaurewa da ƙananan sukurori, ra'ayina ba mai daɗi ba ne. Suna zafi a rana, suna sanyi da asuba, suna aiko da karkarwar inji cikin tafin hannu fiye da roba, kuma masu arha a cikinsu sukan zo da nasu bututun totur wanda mazaunin wayarsa bai dace da kowane babur ba. Wanda ya nace sai su, ya sa wa sukurorin maganin hana kwancewa, ya riƙa duba su lokaci-lokaci.

Sauran kurakuran ƙanana ne. Roba mai rufaffen baki takan tara iska a ciki ta riƙa dawowa baya, sai a huda ƙarshenta da allura. Roba mai zane ko mai tudun tafin hannu a daidaita ta yayin da ake zaune a kan babur, totur a rufe, kafin gam ya kama, ba a tsaye daga gefe ba. Masu hawa cikin laka da daji su ƙara da siririyar waya marar tsatsa a cikin layukan da aka tanada a jikin robar, su lanƙwasa bakinta su nutsa shi ciki kada ya yaga safar hannu, kuma kada su ɗame ta dama har ta matse bututu. Robobi masu ɗumama hannu kada a haɗa su kai tsaye da batir sai idan na'urarsu tana kashe kanta, in ba haka ba ranar da aka manta su a kunne babur ba zai tashi ba, kuma a bar wa wayar ta dama sarari ta bi juyawar totur ba tare da ta taɓa hannun birki ba. Lokacin bushewar gam yana rubuce a jikin kwalinsa, amma ni da yamma nake yin wannan aikin, in bar babur ya kwana, in riƙe kowace roba da hannu biyu da safe in murɗa ta da ƙarfi kafin in ɗauki makulli.