Yadda Ake Haɗa Guzurin Jirgin Ƙasa Daga Kano Zuwa Legas

Tsakanin Kano da Legas a tsohon layin dogo akwai tafiyar kilomita kusan 1,126, kuma jirgin da ke bin sa ba mai sauri ba ne. Tun 1912 layin ya haɗa garuruwan biyu. Ƙaramin dogo ne, kuma tilo, shi ya sa idan jirage biyu za su yi kiciɓis sai ɗaya ya ratse a tasha ya jira ɗan'uwansa ya wuce. Da aka farfaɗo da shi a ƙarshen 2012, awa talatin da ɗoriya ake yi wa tafiyar lissafi, in kuwa inji ya yi gardama a daji, sai a kwana biyu. Wanda ya taso daga ƙauyukan Ringim, Taura ko Malam Madori nasa lissafin ya fi haka, don tun jajibiri ya bar gida. Ke nan cikinsa zai nemi abinci sau shida ko bakwai kafin ya sauka a tashar Iddo da ke Legas.

Ana sayar da abinci a cikin jirgi, akwai kuma 'yan talla a tashoshi. Amma abin da aka saba samu bai wuce shinkafa da miya, dafa-duka, teba, burodi da lemon kwalba ba, kuma tukunya ɗaya ba ta isar ɗaruruwan mutane kwana biyu. Tsohon da ya saba da tuwon dawa da kunu, ko mai jego da goyo, ba za su jure wannan ba. Don haka ni a wurina guzurin gida shi ne abinci, na jirgi ƙari ne. Dabarar kuwa ita ce a jera shi bisa wanda zai riga lalacewa: mai ruwa a ci ranar farko, busasshe a bar wa gobe.

Kafin a hura wuta, a aika wani ya je tashar Kano ya tabbatar jirgin yana aiki da ranar da zai tashi, don wannan layin yakan tsaya wata da watanni, musamman idan ruwan damina ya ci hanya. In an samu tabbaci, sai a ƙirga mutane, a ƙirga cin kowa, sannan a ƙara na yini guda a kai saboda tsaiko. A ƙara kuma ɗan abin da za a miƙa wa maƙwabcin kujera. Ba yadda za a yi ka buɗe kwano yaron wani yana kallonka ka ce ba ka lissafa da shi ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin da ya fi cin lokaci shi ne dambun nama, kuma saura kwana biyu ya kamata a yi shi. Uwargida, ki sa a yanko miki tsoka zalla, ta sa ko ta rago, a cire kitse da jijiya tun a wurin mahauci, don kitse ne ke sa dambu ya yi ɗoyi da wuri. Ki dafa da albasa, citta, kanumfari, masoro, tafarnuwa da gishiri, da ruwa daidai wanda zai tsotse a jikin naman. In ya yi laushi har yana rabewa da ludayi, ki juye a turmi ki daka sama-sama, ki bi da hannu ki warware zaren. Sai suya, kuma a nan ake samun matsala. Man gyaɗa kaɗan, wuta kaɗan, juyawa ba ƙaƙƙautawa. Da fari za ki ji kaskon yana tsuwa da ƙarfi, wannan ruwan naman ne ke fita. Kada ki sauke sai ƙarar ta mutu, kumfar man ta kwanta, dambun ya yi ja ya koma wara-wara yana zuba daga ludayi. Ki tsane shi a kwando, ki baza a faranti, ki bar shi ya huce sarai. In kika rufe shi da ɗuminsa, da safe za ki ga gumi ya taru a ƙarƙashin murfin roba, kuma wannan 'yar raɓar ce za ta sa ya yi funfuna kafin a kai Minna. Wanda aka soya ya bushe yadda ya kamata yana kai mako ba abin da ya same shi.

In kuɗin nama bai samu ba, zabuwa ko kaza ma ta yi, muddin an yanyanka ta ƙanana an soya ƙarau. Amma ita a ci ta a yinin farko da daren farko, ba ta kai dambu daɗewa ba.

Sauran busassun kaya yawancinsu suna cikin gida ko kasuwar ƙauye. Ƙuli-ƙuli, soyayyiyar gyaɗa, dakuwa, aya, dabino irin namu na Dutse, garin kwaki da sukari. A daka yaji mai ƙuli a ɗaure daban. In za a kwana a Kano, a biya Jakara a sayi gurasa, mai hali ya ƙara da kilishin Agadasawa. Gurasa ta fi burodin leda amana a wannan tafiya: ba ta murƙushewa a ƙasan jaka, in ta bushe a yayyafa mata ruwa, a barbaɗa yaji, a ɗiga man gyaɗa, ta zama abinci sosai. Alkaki da nakiya suna ƙoshi kuma suna daɗewa, sai dai zaƙinsu na jawo ƙishirwa, a ci da lissafi. Tsofaffi kuma kada a manta musu da goro, a naɗe shi a ɗanyen algarara ko tsumma mai laima.

Akwai abin da nake ganin ya fi komai amfani ga tsoho da yaro, wato garin kunu. A surfa gero, a wanke, a shanya, a niƙa da citta da kanumfari, a ɗan soya garin sama-sama a busasshen kasko. Da fulas ɗin ruwan zafi da kofi da cokali, an samu abin da zai ɗumama ciki da asuba, lokacin da sanyi ke shigowa ta taga kuma babu mai talla ko ɗaya. In ruwan fulas ya ƙare, mai shayi a tasha zai cika maka da kuɗi kaɗan.

Abincin ranar farko da asubar ranar ake dafa shi, ba daren jiya ba. Dambun tsaki da zogale, ko waina, ko dafaffen ƙwai da ba a ɓare ba. A zuba a kula yana tururi a rufe, a cinye a ci ɗaya ko biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba a wuta ba kuma ba a sanyi ba, kuma tarago cike da mutane a watan bazara ya fi ɗaki zafi nesa ba kusa ba. Shinkafa, wake, alale da duk abin da aka yi da miyar tumatir su ne kan gaba wurin juyawa. Shinkafa ma tana iya cutarwa alhali ba ta canza wari ba, don haka hanci ba ya isa shaida. Abin da ya rage bayan la'asar a bayar ga mai ci nan take, kada a ce a bar wa dare. Fura da nono a dama a sha kafin a wuce Zariya. Na san da wuya Bahaushe ya yi tafiya ba fura, amma nonon da ya yini a jarka yana jijjiga a zafi ba abin ba yaro ba ne.

Ruwa kuwa, a yi wa kowane babba lissafin aƙalla lita uku a yini, a jarka mai tsabta wadda ba ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba. In ruwan rijiya ne a tafasa shi tun a gida. Buta daban da ruwanta na alwala da tsarki, da sabulu ɗan gutsure a leda, don ba a dogara da famfon jirgi. Wanda za a saya a hanya a duba lambar NAFDAC a jikin ledar, a ɗauraye bakin kafin a kai baki.

Wurin ɗauri, a raba kayan gida biyu. Jakar hannu ta ɗauki abincin yau, kofi, cokali, ƙaramar wuƙa, tocila da ledojin zuba shara. Busassun kayan gobe su shiga bokiti mai murfi, a tura shi ƙarƙashin kujera kusa da ƙafa. Bokiti ya fi buhu, don ba a taka shi ya fashe, kyankyaso ba ya shiga, yaro kuma yana iya zama a kai. Kowane abu da ledarsa, kada kilishi ya haɗu da danshin gurasa, kada sukari ya haɗu da yaji. A canza kuɗi ƙanana tun a Kano a raba su aljihu biyu. Mai talla ta taga ba ta da canjin dubu, taransifa kuma ba ta tafiya a inda babu sabis.

Saye a tasha shi ke kawo canjin baki, kuma bai kamata tsoro ya hana mutum ba. Daga Kano jirgi yana bi ta Zariya, Kaduna, Minna, Zungeru da Mokwa, ya haye Kogin Kwara a gadar Jebba, sannan Ilori, Offa, Oshogbo, Ibadan da Abekuta. Jihar Neja ƙasar doya ce, a Jebba kuma kifi ne. Daga Ilori zuwa ƙasa za a fara ganin amala, agidi a naɗe cikin ganye, ayaba, lemo da gasasshiyar agada. Ƙa'idar mai sauƙi ce: abin da aka tsamo daga mai ko aka sauke daga wuta a gabanka, da abin da kai za ka ɓare da hannunka. Ka tambaya cikin ladabi, "Iya, yanzu aka sauke?", ka kuma taɓa ledar ka ji zafinta. Kankana da abarbar da aka yanka aka jera a faranti tun safe a bar su. Busasshen kifi a karya shi a duba ciki, in akwai laima ko tsutsa kusa da ƙaya a mayar. Nama kuma a tambayi na mene ne. Musulmi suna da yawa a Ilori, Offa, Oshogbo da Ibadan, tambayar ba ta ɓata wa kowa rai.

Kada a sauka neman abinci sai an tambayi ma'aikacin jirgi tsawon tsayuwar, kuma kada a aiki yaro. Wata tashar minti biyu ce, wata awa guda, kuma jirgi in ya yi ƙugi ba ya jiran mai karɓar canji.

Mai ciwon sukari ya riƙe abincinsa da maganinsa a jakar da ba ta barin cinyarsa, kada ya tsallake ci don jirgi ya makara. Mai hawan jini ya rage kilishi da dambu saboda gishiri. Mai yara kuma ta sayi ƙunshin gishiri da sukari na ORS biyu ko uku a kemis kafin a taso. In gudawa ta kama yaro kuma babu shi, a samu ruwa mai tsabta lita ɗaya, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, a juya a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, mai shan nono kuma a ci gaba da ba shi. In idonsa ya faɗa, ko ya kasa sha, ko aka ga jini a bayan gidan, a sanar da ma'aikatan jirgi a sauka a babbar tasha ta gaba a nemi asibiti.