Yadda na warware ƙagewar kwankwasona

Shekara uku ina zaune a kan benci a shagon atamfa a Kantin Kwari, daga safe har la'asar sakaliya. Abin da ya fara nuna min akwai matsala zaman tahiya ne: sai ɗuwawun dama ya riƙe, in tashi ina dafa bango kamar tsoho.

Da farko na yi wauta. Ina idar da sallar asuba zan hau miƙa ƙafa da ƙarfi, ina fizga. Washegari abin ya ƙaru. Ashe tsokar da ba ta ɗumama ba ba ta son garaje.

Yanzu sai na taka zuwa bakin titi na dawo, kamar minti 10, sannan in shimfiɗa tabarma. In kwanta rigingine, in ɗora idon sawun dama a kan gwiwar hagu, in rungumo cinyar hagu da hannu biyu in jawo ta wajen ƙirji a hankali. Nan ne za ka ji ɗuwawu yana buɗewa. Sakan 30, ina numfashi, sai in sauya ƙafa. Bayan nan in durƙusa da gwiwa ɗaya, ɗaya ƙafar a gaba, in tura ƙugu gaba kaɗan, saboda dogon zama yana ɗaure tsokar gaban kwankwaso. In na ji suka maimakon ja, na tsaya.

Cikin sati huɗu na iya tanƙwashe ƙafa a gaban kwanon tuwo. Maƙwabcina na shago har cewa yake, "Malam, ka koma ɗan dambe ne?"